Rumbun Uwar Ɗakina

Jiya na leƙa rumbu, ƙamshin tsohon gero ya buge ni, sai na tuna ranar da aka ɓoye ni a rumbu.

Marigayiya uwar ɗakina attajira ce a Falanko. Mu makaɗa ita ke ci da mu. In mun ƙoshi sai ta tambayi kowa: "Ban da riga da hatsi, me ranka ke so?" Mai kalangu ya ce doki. Ni mai goge na ce, "Inna, in mutu a garinmu." Aka yi ta dariya. Ita ba ta yi ba.

Da rani sojojin kumandan, Baturen mulki, suka zo daga Tanut ɗibar maza aikin hanya, inda da yawa ba su komo ba. Ta tura ni cikin rumbu, ta rufe. Ƙaiƙayin gero ya cika mini maƙogwaro, tari na neman kufce mini. Na ciji hannun rigata. Ina jin takunsu a gindin rumbun.

"Ina mai gogen nan?" in ji ɗayansu.

"Ya bi ayari," in ji ta.

Ba su tafi ba sai da ta kwance musu raƙumin da ta fi so.

Da suka tafi, ta buɗe rumbun, ta fito da ni. Ta ce, "Ɗan nan, burinka ya fi na kowa tsada."

Ga ni na tsufa a garinmu Falanko. Ita kuwa ba wanda ya taɓa tambayarta nata burin. Allah kai ka san shi. Ka cika mata, ka sanyaya makwancinta.