Ranar da Aka Kore Ni Daga Rumfar Jabana

Na manta abubuwa da yawa na ƙuruciyata, har da fuskar malamin da ya fi kowa dukana, amma ranar da kakata, wadda muke kira Habboba, ta kore ni daga rumfarta tana nan daram a raina.

A ƙauyenmu kusa da Suki, a ƙasar Sudan, matan unguwa sukan taru wurinta bayan la'asar su sha jabana, gahawar nan mai citta. Tun ina ɗan shekara shida ni ke dakan gahawar. Ladana ɗan kofi guda da wurin zama a jikin ƙafarta, kuma duk duniya babu inda na fi so. Suna hira a gabana kamar ni ma turmi ne. Da gaskiyarsu, don ba na gane komai.

Da na kai goma sha huɗu jikina ya fara gaban kansa. Jallabiyar ƙaramar salla ta ɗage min kafin layya. In na soma magana ban san inda muryar za ta sauka ba. Kaina ma ya koyi haɗa wannan da wancan. Amma da yake kullum a tsugune nake, ba wadda ta lura.

Ran nan matar kawuna ta zo a makare, tana ƙamshin hayaƙin ɗalha da matan aure ke turara jiki da shi. Ni a da na ɗauka maganin sanyi ne. Wata maƙwabciya, ko murmushi babu, ta tambaye ta ko yau motar Managil za ta iso. Kawun nawa wata uku ke nan yana can aikin auduga. Nan take zancen ya haɗu a kaina, na fashe da dariya, wata mai kauri da ni kaina ban taɓa ji ba.

Matan suka juyo suka dube ni. Ɗaya bayan ɗaya suka ja mayafi suka rufe kai, har wadda ta yi min wanka ina jariri. Kakata ta tambayi abin da ya ba ni dariya, na ce turmi ne. Ta dubi turmin, ta dube ni.

"Aje taɓaryar. Tai diwan, wurin maza."

"Habboba, ni ne fa."

"Na gan ka. Yau na gan ka."

A diwan ba wanda ya matsa min. Na zauna kusa da takalma ina jin zancen famfon ban ruwa da ya lalace har magariba. Katanga ɗaya ce tsakanina da rumfar, ina jin wata yarinya tana dakan gahawata, ba ta ma iya ba. Raina ya ɓaci, kuma na yi kewar tsohuwar nan ƙwarai.

Washegari na koma, na tsaya daga waje na yi sallama. Ta amsa da fara'a, ta tambayi lafiyar mutanen gida, alhali gidanmu ɗaya. Ta ƙara shekara biyar a duniya, ban sake zama a rumfar ba.

Abin da na koya shi ne girma ba kyauta ake samunsa ba. Ranar da yaro ya fara gane zancen manya akwai wurin da yake rasawa, kuma ba a mayar masa. Na so a ce an gaya min da wuri, da na haɗiye dariyar nan ko na shekara guda ne.