Shekarar da Na Bar Gona Na Kama Tenis

Gaisuwa gare ku masu wannan mujalla da masu karanta ta. Lokacin da abin nan ya same ni, ni ƙaramin magidanci ne, da mata da 'ya ɗaya mai tatata. Mutumin wajen ƙauyen Mai Yara ne ni. Ina da gonar gero da mahaifina ya yanka mini, da rani kuma nakan shigo Dakoro in ja ruwa a rijiyar bariki. Zamanin Nasara ne, 'yan shekaru kafin su naɗe kayansu su tafi. Ban san komai ba sai guga da hauya, ga ni kuma bahago, abin da na sha duka a kansa tun ina yaro.

A shekarar aka kawo wani Nasara mataimakin kumandan, dogo, mai ɗan ɗingishi. Tafinta ya ce a ƙasarsu ba shi da sana'a sai wani wasa da ake kira tenis, da shi yake ci da shi yake sha, har gwiwarsa ta lalace ya nemi aikin gwamnati. Na yi dariya, don ban taɓa jin an biya ƙato ladan wasa ba. Wata rana shirwa ta kawo wa 'yan tsaki sura a bakin rijiya, na wurga mata sanda da hagu, ta faɗo. Ashe Nasaran yana kallo. Ya aiko gardi, wato ɗan sandan bariki, ya tafi da ni, ni kuwa ina tsammanin ko shirwar ma ta gwamnati ce. Sai ya kama hannuna na hagu yana jujjuyawa kamar mai taya rago, ya ce daga ranar na bar jan ruwa.

Ya sa aka ɗebo ƙasar suri, mata suka yi masa daɓe a bayan bariki, aka ja layuka da farar ƙasa, aka ɗaura raga a tsakiya a garin da ko kogi babu. Ya ba ni raket, wato abin bugun, da wani farin gajeren wando. Ranar da surukata ta gan ni a cikinsa ta juya da baya tana salati, ni ma na rasa inda zan sa kaina. Wasan kansa kuwa har yau ban gama gane shi ba. Ka ci sau ɗaya a ce sha biyar, ka ƙara a ce talatin, ka sake a ce arba'in. Na tambayi tafinta wa ya cinye sauran biyar ɗin, ya ce in yi shiru. In na taƙarƙare na ɗaga ƙwallo sama har ta wuce gidan gardawa, ina jiran yabo, sai mutumin ya dafe kai yana ihu.

Shi kansa ya fi wasan wuyar ganewa. Ba ya taka layi, ko da sauri yake sai ya tsallake shi. Yana da wata hula da ta yi baƙi ƙirin da dauɗa, ranar da boyi ya wanke ta sai da ya yini bai ci abinci ba. Yakan yi wa raket magana a hankali, ya shafa ta, can anjima ya maka ta da ƙasa. Idan zai buga yana son gari ya yi tsit, har ya taɓa tura gardi ya hana matan unguwa daka, jaki kuma ya karɓe su da kuka. In ya cinye ni ya ɓata rai, in na ci shi ya zage ni da harshensu sannan ya rungume ni. Na ce a raina wannan ko dai iskoki, ko dai rana ta taɓa shi.

Sai da hannuna ya faɗa sannan tafinta ya gaya mini dalili. Wai akwai wani babban likita Nasara a Maraɗi, gwanin tenis, da ya yi wa maigidana ba'a cikin mutane cewa ya ƙare. Shi kuma ya rantse zai ɗauko baƙauye daga bakin rijiya ya koya masa har ya cinye likitan. Aka sa rana cikin damina. Ruwan shuka ya sauka, mahaifina ya aiko in komo gida. Na roƙi izini, mutumin ya ƙi, ya ce in na tafi hannuna zai sangarce, amma in na ci wasan zai ba ni aiki na dindindin da geron da zai kai mu shekara. Matata ta ce ita dai ba ta taɓa ganin an zuba ƙwallo a turmi ba. Na yi mata tsawa, na ce ba ta san harkar manya ba. 'Yan'uwana kowa na fama da tasa gonar, tawa ta zauna ba iri.

Likitan ya iso da safe cikin mota tare da matarsa. Na zaci zan ga wani basamude, sai ga tsoho mai furfura, sa'an mahaifina. Yana sauka ya hangi 'yata a bayan uwarta, idanunta sun kumbura da ciwon da ya hana mu sukuni. Ba wanda ya roƙe shi. Ya buɗe jakarsa, ya wanke mata ido, ya ɗiga magani, ya ba mu sauran. Da la'asar gari ya taru, aka ce wannan tsoho shi zan kunyata.

Da farko na yi yadda aka koya mini. Ƙwallon bahago tana karkace masa, ya bi nan ta yi can, na yi masa nisa. Can sai ya zame ya faɗi, ya miƙe yana haki, fuska ta yi jawur, matarsa ta tashi tsaye. Na ji wani dattijo a bayana ya yi tsaki, wani kuma ya ce yaron nan ba shi da ta ido. Na dubi likitan. Baƙo ne, tsoho ne, da safe ya taɓa idon 'yata, ga matarsa tana kallo. Na san rumbuna yana rataye da wasan nan, wallahi na sani, amma hannuna ya ƙi. Na shiga tura ƙwallo cikin raga, wata in bar ta ta wuce ina kallo, har aka ce likita ya ci.

Na matsa in gaishe shi, ina jiran ya sa mini albarka. Ya ƙi ba ni hannu. Ya ce da tafinta a gaya mini tunda yake ba a taɓa wulaƙanta shi haka ba, na mai da shi abin tausayi a gaban matarsa. Maigidana kuwa ya karya raket a jikin sandar raga, ya zauna a ƙasa, na ga hawaye a idonsa. Na tsaya tsakaninsu kamar an dasa ni. Tafinta ya ja ni gefe ya ce a wurinsu girmama abokin wasa shi ne ka cinye shi iya ƙarfinka. Na ce me ya hana shi gaya mini tun farko, ya ce bai zaci akwai mai buƙatar a gaya masa ba. Washegari aka karɓe wandon aka sallame ni.

Na isa gida na tarar da geron mutane ya kai gwiwa, gonata kuwa ƙarangiya ta cinye. Na yafa wake, bai yi abin kirki ba. Kafin sanyi ya wuce matata ta ɗauki yarinya ta tafi wurin iyayenta a Badar Gula, ba don fushi ba, don babu abin dakawa. Ni kuma na nausa Tagaris ina kiwon dabbobin wasu don in ci. Mahaifina ya ce abin da na yi wa tsoho daidai ne, da na cinye shi da bai sake kallon fuskata ba, amma wanda ya bar gonarsa ranar shuka ba shi da hankali. Na rasa ko yabona ya yi ko zagina.

Yanzu na tsufa, jikokina suna kallon tenis a talabijin, suna tambayata ko da gaske na taɓa bugawa. Abin da zan gaya wa matasa shi ne, kada ku jingina abincin iyalinku da rantsuwar wani, komai daɗin alkawarinsa. Kuma kafin ku shiga harkar mutanen da ba naku ba, ku tambaya me suke kira mutunci, don naku zai iya zama zagi a wurinsu. Nadamar barin gona ina yin ta har gobe, ita ce ta raba ni da iyalina kusan shekara guda. Amma da za a sake tsayar da tsohon nan a gabana yana haki, ban yi alkawarin zan iya bugawa ba.