Adudun Kaka

Bayan sadakar arba'in ɗin Kaka, Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta yi sallama a ɗakin da nake haya a unguwar Diguel, da adudu a kanta. Na gane shi. A ƙarƙashin gadon Kaka yake zama, ba mai taɓa shi. Kaka 'yar bori ce, ko da yake a gidanmu ba a faɗin haka, sai dai a ce tana da mutanenta.

"Ga shi, ke za ki riƙe," in ji Gwaggo.

"Ni kuma, Gwaggo? Ai ban san komai a kai ba."

"Wa ya ce sai kin sani? Gaishe su kawai za ki riƙa yi. Tun daga ƙasar Hausa suka biyo kakanninmu a hanyar Makka, Hausa suke ji. 'Ya'yana kuwa, ki ce musu sannu, su amsa miki da Larabci. Ke duk da lisans ɗinki na jami'a bakinki bai karye ba."

Na so in ƙi. Ina salla, kuma na sha jin abin da malamai ke faɗi a kan wannan harka. Amma ban iya musu da manya ba. Ta ajiye shi bayan ƙofa, ta sha shayi, ta tafi.

Lokacin ban sami aiki ba. Da safe in zaga ofisoshi da Faransanci, da yamma in yi cefane da Larabci. Tun rasuwar Kaka sai in daɗe ban furta Hausa ba. Adudun ban buɗe shi ba. Amma wata safiya ina shara, na ɗaga shi, sai na ji na ce, "Ina kwananku?" Ban tabbata da wa nake ba. Kashegari na sake. A hankali har labari nake ba shi: ma'aikacin ofis ɗin da ya ce in dawo wani makon, da zafin da ya hana ni sakat.

Abin ya fara damuna. In akwai mai ji, to na shiga abin da nake tsoro ba da niyya ba. In babu, da kwando nake hira. Ban san wanne ya fi muni ba.

Sai na ɗaure adudun a bayan babur zuwa unguwar Moursal, wurin wata tsohuwar ƙawar Kaka mai yin girka, wato jinyar waɗanda iskoki suka kama. Na same ta tana tsince shinkafa.

"Jikar ƙawata, ciwo kike yi?"

"A'a, Iya."

"Faɗuwa fa? Ko ciwon kan da ya gagari asibiti?"

"Babu ko ɗaya. Gaisuwa ce kawai nake yi. Na ce ko ya kamata in koya, tunda ni aka bar wa."

Ta dube ni ta ci gaba da tsintarta. "Ki koya ki yi me da shi? Kakarki sai da ta kwanta har aka fid da rai, sannan ta yarda. Ba mai zuwa nan da ƙafarsa, 'yata, ɗauko shi ake yi. Mai lafiya ba ruwansa da mu."

"To, gaisuwar fa?"

"Kewar tsohuwa ce. Bar shi nan in haɗa da nawa. Su ma surutunki ya ishe su."

Na bar shi. Ina jin daidai na yi. Galibi har yau haka nake gani.

Da na gaya wa Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Ta ce shi ke nan, sun koma gidan wasu. Da Larabci ta faɗa mini, kamar yadda take yi wa 'ya'yanta.

Washegari ina shara na iso bayan ƙofa. Gindin adudun ya bar zagaye a ƙasa. Gaisuwar ta zo mini baki, na haɗiye ta, na share wurin.