Ranar da Na Karɓe Ɗiyata Daga Hannun Gwaggo

Wata biyar na yi ina ɓoye cikina na fari, ban gaya wa kowa ba sai maigidana. A gidanmu haka ake yi. Yarinya ba ta buɗe baki ta ce tana da ciki, sai dai manya su gani da idonsu, su ma su yi shiru. Ina zumbula hijabi har ƙasa, in an ce na yi ƙiba in ce zaman ɗaki ne. Na gama sakandare, na san akwai awon ciki, amma kunya ta fi ƙarfin karatun. Sai da ƙafafuna suka fara kumbura, maigidana ya rufe shagonsa na Sama Road, ya ɗauke ni a babur ya kai ni asibiti.

Duk matan da muke kan benci an ɗebi jininmu. Aka sallami saura, ni aka ce in jira. Malamar asibitin, wata babbar mace mai tabarau, ta shigar da ni wani ƙaramin ɗaki ta ja ƙofa, ta ce an sami ƙwayar cutar ƙanjamau a jinina. Har yau ina tuna ƙarar fankar ɗakin nan. Ban yi kuka ba a lokacin. Na dafe cikina na tambaye ta, shi fa wannan?

Ta ce ana iya haifarsa lafiya lau, amma na zo a makare, da tun farkon ciki na fara magani da hatsarin bai kai haka ba. Ba faɗa ta yi mini ba, gaskiya ta faɗa. Ta ba ni ƙwaya, ɗaya kowace rana, lokaci guda, ba fashi. Ta ce a asibiti zan haihu, don da an haifi jariri za a fara ɗiga masa nasa maganin a baki. Nono zalla zai sha har wata shida, ko ɗigon ruwa kar a ba shi, domin haɗa nono da wani abu yana sauƙaƙa wa ƙwayar shiga jikinsa. Kuma kar a bari a ji masa ciwo a baki.

Washegari aka gwada maigidana, shi ma yana da ita. Ba mu tambayi juna wa ya kawo wa wani ba. Muka yi alkawari ba mai ji, ko iyayenmu.

Da ciki ya shiga wata bakwai aka zo aka tafi da ni gida goyon ciki. Na juye ƙwayoyina cikin tsohon gwangwanin turaren wuta, na tura ƙasan akwati. Kullum ƙarfe takwas na safe wayata ta yi ƙara, in shige ɗaki in haɗiye. Inna, mahaifiyata, tana ta nata shiri: itacen wanka an jibge shi bayan ɗaki, an kai gero niƙa, an yi wa tsohuwar ungozomar unguwarmu magana. Ni kuwa ina kallon itacen nan yana ƙaruwa. Na san yadda ake yi. A haihu a ɗaki, a matse nonon farko a zubar, a ba jariri ruwan dabino da madarar akuya, wanzami ya zo ya cire masa beli. Uwar ɗan fari kuwa ba ta da ta cewa, ko kallon ɗan ba ta yi a gaban mutane.

Wata rana da la'asar, Inna tana tsinke barkonon yaji a tabarma, na zauna nesa kaɗan na ce mata asibiti zan haihu. Ta ɗago ta dube ni kamar na zage ta. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin mai cikin fari ta zaɓi wurin haihuwa da bakinta ba, in boko ne ya koya mini haka to ya cuce ni. Na tashi na shiga ɗaki, na ɗauko gwangwanin na ajiye gabanta.

"Wanga maganin mi na?" ta ce.

Na gaya mata. Na karya alkawarin da na yi wa maigidana, kuma da yamma na kira shi na faɗa masa da bakina. Inna ta ajiye barkonon da ke hannunta. Na zaci za ta ja jikinta daga gare ni. Sai ta tambaya ko jikanta zai tsira. Na lissafa mata duk abin da malamar asibiti ta ce, ta sa na sake maimaitawa sau biyu, tana ƙirgawa da yatsu don ba ta karatun boko. Sannan ta rufe gwangwanin ta miƙo mini.

"Ki bar ɓoyonai ƙasan akwati. Sa shi inda hannunki ka kai."

Na haihu a asibiti, mace. Kafin a sallame mu an fara ba ta maganinta, an koya mini yadda zan ja shi da sirinji marar allura in ɗiga mata a gefen baki.

Mun dawo gida ana tsakiyar zafi. Gwaggo, yayar babanmu, ita ke da wankan jego a danginmu, kuma ba mu gaya mata komai ba. Na fito daga wanka jikina duk ya mutu, na tarar ɗaki cike da 'yan barka, Gwaggo ta ɗora jaririyar a cinya, ga ƙoƙon ruwan dabino a gefenta, ta riga ta tsoma cokali. Inna tana can wajen murhu. Abin da ya kamata in yi shi ne in ja mayafi in juya fuska bango. Ban san lokacin da na tsallake ƙafafun mata ba. Na sa hannu biyu na karɓe ɗiyata, na zauna nan tsakiyarsu na ba ta nono.

Sai aka kwashe da dariya. Wata ta ce yaran yanzu ido a tsakar ka, wata ta ce saura in raɗa mata suna da kaina. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta ce ta wanke jego ya fi a ƙirga, ba a taɓa fizge mata ɗa ba, a zafin Sakkwato kuma wa ke hana jariri ruwa in ba mugu ba? Ni dai ban saki ɗiyata ba.

Inna ta shigo da ludayi a hannu. Ta ce likita ne ya hana, kuma ita ta sa ni, in akwai laifi nata ne. Ta ɗauki ƙoƙon ta shanye ruwan dabinon da kanta, ta ce ita ma ƙishirwa take ji. Ranar da wanzami ya zo, Inna ta tsaya kansa da sabuwar reza, aski kawai ta yarda ya yi, beli kuwa ta ce a bar wa yarinya abinta. Gwaggo ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata. Ban daina gaishe ta ba, ban kuma daina kwana da ɗiyata a jikina ba.

Da ta cika sati shida muka koma aka ɗebi jini a dugaduganta. Jiran sakamakon ya ɗauki makonni. Ranar da na je karɓa, malamar ta cire tabarau ta ce ba a ga komai ba. Ta ce kar in saki jiki, akwai sauran gwaji, na ƙarshe sai bayan yaye. Na ce na ji.

Yanzu watanta huɗu. A unguwa sunana marar kunya, har yara sun ɗauka. Ina goya ta da kaina in bi ta gabansu zuwa karɓar magani. In mace ta miƙo hannu za ta ɗauke ta, sai na duba abin da ke ɗaya hannun tukuna. Ƙarfe takwas in wayata ta yi ƙara, Inna kan riga ni miƙewa, ta ɗebo ruwa a moɗa ta tsaya har sai ta ga na haɗiye.