Bokitin Ƙarfe a Banɗakin Mata

"Ke, wannan tsohuwar kuwa ta san ana neman ruwa a gari?"

"Wacce?"

"Ta bakin ƙofa mana. Tun da muka shiga layi famfo yake zuba a bokiti, ko kallonsa ba ta yi."

"Yau kika fara zuwa asibitin nan ke nan."

"Yau na fara, in da hali ma yau zan daina. Kunnena har ya toshe."

"To ki roƙi Allah kada ranar da za ki gode mata ta zo."

Wadda ake maganar a kanta tana jin su, ba ta ɗago ba. Ita ce mai kula da banɗakin mata na babban asibitin, wanda yake ƙarshen barandar da likitoci ke ba da sakamakon gwaji. Ma'aikata da masu jinya duk Gwaggo Bokiti suke kiranta. Gajeriya ce, gwiwarta ɗaya ba ta lanƙwasuwa, tafin hannunta ya yi fari saboda sabulu.

Banɗakin ba wani babba ba ne. Ɗakuna ne ƙanana a jere, bangon da ya raba su bai kai rufi ba, ƙofofin kuma ba su taɓa ƙasa ba. Ko tari mutum ya yi a na ƙarshe, na bakin ƙofa ya ji. A kusurwa akwai tsohon famfo mai murfin murɗawa, a ƙarƙashinsa bokitin ƙarfe duk ya lotse. In ruwa ya faɗa cikinsa yana wayam, ƙarar sai ta cika wurin kamar ruwan sama a kan kwano.

Ba aiki ne ya fara kawo ta wurin ba. Mijinta kafinta ne, a asibitin nan ya yi jinyar da bai tashi ba. Ranar da likita ya gaya mata babu sauran abin yi, 'ya'yanta suna zaune a baranda suna kallon fuskarta. Ta duba ko'ina, ba ta ga wurin da yake da ƙofa da sakata ba sai banɗaki. Ta shiga, ta cusa mayafi a baki, amma kukan ya fi ƙarfin mayafin. Hirar da ake yi a layi ta tsaya cak. Can wata ta buga ƙofa ta ce, "Baiwar Allah, ki yi haƙuri ki fito, a matse muke." Ta fito ta ratsa idanunsu ɗaya bayan ɗaya. Har yau takan ce zafin wannan tafiyar bai bar ta ba.

Bayan rasuwarsa aka ba ta aikin shara, daga baya aka bar mata banɗakin. Tun daga nan ta koyi karanta shigowar mutum. Wadda fitsari ya matsa takan shigo da sauri tana tattare zane. Wadda ta fito daga wurin likita da mugun labari kuwa a hankali take shigowa, ba ta gaisuwa, tana neman ɗakin da ya fi nisa. Da sakata ta yi ƙara, sai Gwaggo ta juye bokitin a ganga, ta mayar da shi wayam, ta murɗe famfo har ƙarshe. In ya kusa cika, ƙarar ta fara laushi, ta sake juyewa. Ruwan gangar da shi take wanke ƙasa, ko ɗigo ba ya tafiya a banza. In matar ta fito, Gwaggo ba ta kallon idonta. Sabulu kawai take miƙa mata ta ce, "Wanke fuska, 'yata, zafi ake yi yau." Ko da damina haka take faɗa.

Da aka zo gyaran banɗakin, ba ta yi gardama ba. Mai aikin famfon magidanci ne mai yawan raha, kullum da tef ɗin awo a rataye a ƙugu. Shi ya riƙa yi mata bayani yana awo.

"Gwaggo, kin ga wuraren wanke hannun nan? Sun matsu da yawa. Mutum biyu in suka tsaya sai sun yi dambe da gwiwar hannu. Za mu buɗa tsakaninsu."

"Ai an sha yin damben. Ni ce alƙali."

"Ɗakin ƙarshe kuma za mu haɗe shi da na kusa da shi, keken marasa lafiya ya shiga ya juya, mu sa ƙarfen kamawa a bango. Ƙofarsa waje za ta riƙa buɗewa."

"Wannan kam Allah ya yi muku albarka. To bangon fa, ba za ku kai shi sama ba?"

"Iska, Gwaggo. In muka toshe, ke za ki fara gudu. Ƙasan ƙofa ma dole a bar fili, saboda in wata ta faɗi a ciki a gani."

Ta gyaɗa kai, don ta san gaskiya ya faɗa. Ita da kanta ta taɓa hango ƙafar wata mai ciki da ta suma, ta wannan filin, aka fitar da ita da rai.

"Famfona fa?"

Ya sosa ƙeya. "Duk na dannawa za a sa, irin wanda yake tsayawa da kansa. An ce ruwa yana ɓarna. Bokitin ma na roba za a kawo muku, sabo fil, ki huta da wannan gangar yaƙin."

Ta yi dariya kaɗan don kada ya ji nauyi. Ta je ta danna ɗaya daga cikin sababbin da ya riga ya ɗaura. Ruwan ya zubo siriri, ba ƙara, kafin ta sauke hannu ya ɗauke. Ta daɗe tana kallonsa.

Abin da ba ta gaya masa ba shi ne, a makon nan Auta take jiran sakamako. Auta ita ce ƙaramar 'yarta, tela ce, tana da goyo. Wani ƙulli ta ji a nononta, aka yanki kaɗan aka tafi da shi gwaji. Halin ubanta ta ɗauko kaf, ba ta kuka a gaban mutum. Ko ranar da ya rasu, tana ƙarama, bayan gida ta zagaya ta dawo da ido jawur ta ce hayaƙi ne.

Ranar da za a cire tsohon famfon, da hantsi, mai aikin ya rufe ruwan banɗakin daga babban bututun waje. An bar ɗaki ɗaya ana amfani da shi da ruwan ganga, mata sun yi layi har baranda. Yana durƙushe ya ɗora sifana a wuyan famfon ke nan sai Auta ta shigo. A hankali. Ba goyo a bayanta, ta bar shi wurin mijinta a waje.

"Auta, me suka ce?"

"Ba komai, Inna. Fitsari nake ji."

Fuskarta a bushe take, amma ta sa takalminta ɗaya a karkace ba ta sani ba. Matar da ke gaban layi ta dube ta, ta matsa ta ba ta hanya. Mai aikin ya ajiye sifana ya fita baranda, don ya ba su wuri. Sakata ta yi ƙara.

Gwaggo ta jawo bokitin da ƙafa, ta kama murfin famfon ta murɗa. Ya yi wani tari, ya ɗiga sau biyu, ya yi shiru. Ta sake murɗawa har ya ƙure. Babu komai.

Wurin ya yi tsit. Ana jin takun masu wucewa a baranda, ana jin wata tana gyara mayafi. Daga bayan ƙofar sai ga wani numfashi mai rawa, irin na wanda ya danne bakinsa da hannu biyu. Matan layi suka sunkuyar da kai, amma kunne ba ya sunkuyawa. Wata ta fara tarin ƙarya don ta taimaka, tarin bai kai ko'ina ba.

Gwaggo ta ja ƙafarta mai ciwo ta fita baranda da saurin da ba a taɓa ganin ta yi ba. Mai aikin yana jingine da bango yana goge hannu da tsumma. Ta kama hannun rigarsa.

"Ɗan nan, 'yata ce a ciki. Gobe ka cire shi, ba zan ce maka komai ba. Amma yanzu, don girman Allah, je ka buɗe mini ruwan."