Faretin Ƙafa a Gidan Bappa Kaftin

Duk wanda ya san Bappa Kaftin ya san ba ya kallon fuskar mutum sai ya gama da ƙafarsa. Ƙanen mahaifina ne, hafsan sojan ƙasa, kuma tun da ya dawo daga yaƙin basasa ya mai da gidanmu na Yola bariki. Ran Juma'a da safe sai mu jeru a tsakar gida, yara da manya, ya bi mu da sandarsa yana leƙa tsakanin yatsu.

Matarsa, Goggo Dija, ta taɓa ƙunsa lalle don ta tsira. Ya durƙusa ya duba, ya ce, "Ɓad-da-kama ne, mun san shi a daji. Akwai kaushi a ƙarƙashi."

Ta ce, "To Kaftin, a rufe ni a gadurum, mu ga mai tuƙa maka tuwo."

Nan take aka yi mata afuwa.

Ko limamin unguwa bai sha ba. An idar da salla, Bappa ya matsa ya raɗa masa, "Malam, karatu ya yi. Amma dunduniyar hagu na neman man kaɗanya."

Duk wannan dariya muke yi, sai da abin ya zo kaina. Bobbo, akawu a Jimeta, ya zo neman aurena da takalmi mai tsini yana ƙyalli. Ina laɓe bayan zana ina saurare, don ina son mutumin nan, kuma maganar Bappa ce maganar gida.

Bappa ya ce da shi, "Cire takalmi."

Bobbo ya cire.

"Wannan ƙafa bai taɓa aiki ba. Gobe ka raka ni gona."

"Ina ne gonar, Bappa?"

"Ngurore."

"To, zan samo mota."

"Wa ya yi maganar mota?"

Washegari da la'asar aka dawo da masoyina a kan jakin wani manomi, ƙafafu sun yi bororo, takalmin na rataye a wuya. Na fashe da kuka, na ce shi ke nan, aure ya sha ruwa. Sai ga Bappa ya fito da ruwan ɗumi da gishiri, ya zauna a ƙasa ya ɗora ƙafar Bobbo a cinyarsa.

Ya ce da ni, "Dudu, share hawaye. Ƙafar banza ne, amma yaron bai juya baya ba. Na ba shi."

Yana cikin gasa ƙafar ya ce a hankali, "Yarana sojoji da yawa na bari a fadama lokacin yaƙi. Ƙafa ya ruɓe, ba mai ɗauka."

Ban ƙara jin ya yi zancen ba har ya koma ga Allah. Ina kewarsa ƙwarai. Allah Ya jiƙan Bappa, Ya tabbatar da dugadugansa a kan siraɗi, shi da yaran da ya bari.