Mai Ɗaga Gwangwanin Siminti

Kowace safiya in na je shan shayi ina ganinsa bayan tashar Matameye. Dattijo ne mai furfura da ɗan tumbi, yana ɗaga sandar ƙarfe mai gwangwanin siminti a kowane gefe. Da Faransanci yake ƙirgawa, shi ya sa nake zaton tsohon soja ne. Dafaffen ƙwai da gyaɗa na jiransa kan benci.

Wata safiya mai tallar maganin ƙarfin maza ya tsaya kansa. "Alhaji, ina kai ina wannan wahala? Cokali ɗaya ya isa."

"Shekara uku ina shan cokalinka," in ji dattijon, ko kallonsa bai yi ba.

A ɗagawa ta tara hannunsa na rawa. Ya waiga ko wani ya lura. Na mai da ido kan shayina, shi kuma ya ɗaga ta goma.